Sifikar Tsakiya

A unguwarmu Injiniya ake kirana, alhali ko ƙofar ajin injiniyoyi ban taɓa leƙawa ba. Malamin kimiyya ne ni a wata sakandare nan cikin Daura. Sunan ya samo asali ne daga ranar da na gyara fankar masallacinmu, wadda ba abin da ya same ta illa waya ɗaya da ta kwance. Tun daga nan sunan ya manne mini, ni kuma ban yi ƙoƙarin ɓamɓare shi ba, don yana mini daɗi. Duk abin da ke da waya a gidanmu, daga tocila har firij, in ya lalace sai a ajiye shi a jira ni. Na fara da wannan ne don a san irin girman kan da nake yawo da shi a lokacin da abin nan ya faru.

Mahaifina tsohon dillalin shanu ne. Ya ci kasuwar Mashi da na ƙauyukan bakin iyaka tun ƙafarsa na iya zagaye kara, wato kasuwar shanu, sau goma kafin azahar. Dillali da kunnensa yake cin abinci. Ana ba da labarin Baba cewa yana tsaye a jikin wannan sa zai jiyo raɗar da mai saye ke yi wa abokinsa a jikin wancan, duk da kukan shanu da hayaniyar mutane. Da tsufa ya zo sai ya ajiye sanda ya koma gida. Abin da ya rage masa na nishaɗi bai wuce biyu ba, 'yar rediyonsa da yake kangawa a kunne, da labaran talabijin da yake kallo da yamma a falonsa.

Ni ne ɗan fari, don haka ba ya kiran sunana. "Kai" yake ce mini, in kuma ransa fari ne ya ce "Malam". Hira tsakaninmu ba ta da tsawo, daga gaisuwa sai abin da ya zama dole. Na girma ina son in yi masa abin da zai sa ya dube ni ya ce madalla. Da talabijin ɗinsa ta fara shaƙewa, muryar mai labarai na fita kamar ana yayyaga takarda, sai na ga dama ta samu. Maimakon in kai ta wajen mai gyara, na tafi Katsina na sayo kayan sauti irin wanda masu shago ke kira hom tiyata. Na'ura ce guda mai faɗi, da ƙananan sifiku biyar, da wata ƙatuwa mai kama da akwatin lefe wadda aikinta gurnani kawai.

Ranar Asabar da hantsi na baje kayan a tsakar falo. Akwai ɗan littafin bayani a cikin kwalin. Na buɗe shafi biyu, na ga zane-zane, na ce wannan ai na masu koyo ne, na mayar da shi. Inna, mahaifiyata, ta ɗauke kwalin ta kai ɗakin ajiya, littafin na ciki.

Sifiku biyu na ajiye a dama da hagun talabijin. Ɗaya, mai tsawo, na kwantar da ita a ƙarƙashin talabijin ɗin, a tsakiya. Biyun da suka rage na buga ƙusa na rataye su a bangon baya. Wayoyin na bi da su ta ƙarƙashin kafet don kada Baba ya yi tuntuɓe. A bayan na'urar akwai 'yan bakuna ja da baƙi, kowace sifika da nata. Sai ka fere robar bakin waya, jan ƙarfen ya fito, ka danna ɗan maƙalin, ka zura, ka saki ya cije. Da reza na fara ferewa, da ta dakushe na koma yi da haƙori.

Ban samu abin cikin sauƙi ba. Da na kunna, sai wani ruri ya cika ɗakin ba tare da an sa komai ba. Na yi ta lalube har na gano na ɗora na'urar a kan sitabilaiza ne, na raba su, rurin ya tafi. Sai kuma ta bangon baya ta hagu ta ƙi magana. Na ɗaga kafet, na bi wayar taku-taku, na tarar ƙafar kujera ta danne ta har ta tsinke, na ɗaure ta da salatif. Kafin in gama wannan azahar ta gota, gumi ya jiƙa mini riga, ga shi ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci. Wayar sifikar tsakiya ita ce ta ƙarshe. Na gatsa bakinta da haƙori, na zura, na saki, ban ko duba ba.

Don gwaji na sa wani fim ɗin ƙasar waje mai jiragen sama. Jirgi ya taso daga gaban ɗaki, ya ratsa ta saman kaina, ya fita ta bangon baya. Ƙatuwar nan ta yi gurnani har kwanukan da ke kan kabad suka yi ƙara. Akuyar Inna da ke tsakar gida ta tsinke igiya, Inna ta fito da ludayi a hannu tana salati. Ni kuwa dariya nake, ina jin duk Daura ba wanda ya kai ni. Ban tsaya na saurari ko da mutum ɗaya yana magana a fim ɗin ba, jirgin ya ishe ni shaida.

Bayan la'asar aka taru. Baba ba ya zama a kujera. Yana da buzunsa da matashinsa a jikin bangon baya, nan ya saba kishingiɗa, wato daidai ƙarƙashin sifikun da na rataye. Tun da shi yana ƙasa, kowa ƙasa ya zauna. Ga Inna, ga matata, ga kuma maƙwabcinmu, wani tsohon tela abokin Baba, wanda ya ji ƙarar jirgi ya shigo ganin ƙwaf. Ni na tsuguna a gaba, kusa da talabijin, rimot a hannu.

Kiɗan buɗe labarai ya zo da ƙarfinsa, kowa ya gyara zama. Sai mai labarai ya buɗe baki. Ana ganin leɓensa na motsi, amma abin da ke fitowa wata 'yar siririyar murya ce mai amsa-kuwwa. Na ƙara sauti. Muryar ta ɗan ɗago, amma ba ta matso ba.

Baba ya ce, "Kai, me yake cewa ne?"

Na ƙara.

Ya ce, "Ni fa kamar daga cikin rijiya nake jin mutumin nan."

A gaskiya ni ma da ke gaba sai da na kasa kunne sosai nake tsintar kalmomin. Amma na riga na gaya wa kaina cewa haka sautin sinima yake, ƙauyanci ne ya sa ba mu saba ba. Kuma maganar Baba ta soke ni. Yini guda na yi ina rarrafe a ƙasa, ga matata na kallo, ga baƙo. Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina.

Na juya na ce, "Inna, kina ji?"

Ta dubi tabarmar hannunta da take saƙa, ta ce, "Muna ji mana."

Na dubi matata. Ta sunkuyar da kai ta ce tana ji. A gidanmu ba a kushe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, balle kyautar babban ɗa. Mutum ɗaya ne a ɗakin yake da hurumin faɗin gaskiya, kuma ya faɗa. Sai na juya ga tela, wanda ya girmi Baba da shekara biyu ko uku. Shi kuma da a ce ya kurumce gara ya rantse da abin da bai ji ba. Ya gyara hula ya ce, "Tar nake ji, Injiniya. Tar!"

Sai na ce, "To ka gani, Baba. Kayan nan lafiyarsu ƙalau. Ina jin kunnenka ne ya fara nauyi."

Magana zarar bunu ce. Mutumin talabijin na ta motsa baki. Baba bai yi faɗa ba, ko da yake da ya yi da ya fi mini sauƙi yau. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa kunnensa na dama, ya jima, sannan ya ce, "To. Allah shi kyauta. Dama ina jiran shi." Ya zauna har aka gama labaran, yana kallon bakin mutumin.

Abin da yake jira na san shi, kowa a danginmu ya sani. Kakanmu, mahaifinsa, ya kurumce a ƙarshen rayuwarsa. Akwai ranar da aka sa kakan walicci a wani ɗaurin aure, wakilin ango ya nemi aure sau uku, shi yana zaune yana murmushi bai san an fara ba. Da aka taɓa shi, sai ya ɗaga murya ya tambaya ko an raba goro. Jama'a suka fashe da dariya. Baba yana saurayi a lokacin, yana tsaye a bayan mahaifinsa, kuma bai taɓa ba da labarin nan yana dariya ba.

Kafin sati ya zagayo, tela ya kai labari duk inda ƙafarsa ta kai. Ba da mugunta ba, jaje yake nema wa abokinsa. Mutane suka fara ɗaga murya in za su gaishe da Baba. Inna ta shiga ɗiga masa man zaitun a kunne safe da yamma tana toshewa da auduga, audugar kuwa ta ƙara rage masa ji. Duk wanda aka yi ta yi wa ihu, dole ya yarda akwai dalili. Ya daina shiga falo da yamma, ya koma zaure da rediyonsa, ita kuma dama a kunne yake kanga ta, don haka ba ta zame masa hujjar komai ba. Na ce in kai shi asibiti a duba. Ya ce tsufa ba shi da likita. Ban matsa ba, kuma na tuna har wani sauƙi na ji da ya ƙi.

A wannan daminar ne aka sa ranar auren 'yar Baffa. Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zauna a gonar gado a Sandamu har Allah ya karɓi abinsa. A wajenmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ke bayarwa. Ƙannena mata huɗu, duk Baffa ne ya zauna gaban liman ya ba da su. Shi kuwa Baffa 'ya'yansa duk maza ne, sai mace ɗaya tak, auta, wadda ta tsaya karatun jinya har ta gama ta fara aiki kafin ta kawo wanda take so. Sau huɗu yayansa ya yi masa, Baba yana jiran ranar da zai rama sau ɗaya. Da Baffa yana jinyar ajali, a gabana ya kama hannun Baba ya ce, "Yarinyar nan kai za ka ba da ita." Baba ya ce in Allah ya kai mu.

Tun da aka sa rana ya sayi farar shadda, ya kai wa tela ya ɗinka masa babbar riga da aiki mai kyau. Inna ta ce tun bikinsu ba ta ga ya damu da tufa haka ba.

Ana saura kwana goma ya aika a kira ni zaure. Na tsuguna. Rigar na ninke a gefensa.

Ya ce, "Malam, kai za ka ba da yarinyar nan."

Na ce, "Haba Baba, ina ni ina wannan? Kana raye?"

Ya ce, "Ina raye, amma kunne ya riga ni tafiya. Ba za ni zauna gaban jama'a ana nema ina cewa me aka ce ba. Na ga an yi ma wani, ba za a yi mani ba. Kai ɗan'uwanta ne, ya halatta. Na wakilta ka." Ya turo mini rigar da bayan hannunsa. "Tsawonmu ɗaya."

Na yi 'yar gardama irin wadda ake yi don a ce an yi. Amma ba zan ɓoye ba, wani sashe na zuciyata murna yake. Ni, a gaban liman da dattawan Sandamu, cikin babbar riga, ana jiran kalmar bakina. Shi ne karo na farko da Baba ya ɗora mini wani abu mai nauyi ya ce in ɗauka a madadinsa. Na karɓi rigar da hannu biyu.

Ranar Laraba, saura kwana uku, matata ta same ni ina shirin fita. Ta ce 'yan biki za su sauka a gidanmu in an kawo amarya Daura, za su so a kunna musu wani abu a falo. Ta ci gaba da ninke kayan da ke hannunta.

Ta ce, "Malam, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba?"

Na ce ta faɗa.

"Wallahi tun ranar da ka haɗa kayan nan ban taɓa jin maganar mutum sosai ba. Kiɗa dai ana ji. Inna ma cewa ta yi bakinsu take kallo."

Na yi fushin, duk da alkawari. Na ce me ya hana ta faɗa tun ranar? Ta ce, "A gaban Baba zan ƙaryata ka?" Sai na fasa fitar. Na shiga ɗakin ajiya, na zazzage kwalin da Inna ta riga ta cika da tsofaffin kwanuka, na ciro ɗan littafin nan da na raina.

A shafi na shida ko na bakwai aka nuna wani maɓalli a jikin rimot wanda ban taɓa dannawa ba. In ka danna, na'urar za ta aika wani shuu zuwa kowace sifika ɗaya bayan ɗaya, don ka san wadda ke aiki. A ƙasan zanen kuma an rubuta cewa maganar mutane kusan dukkanta ta sifikar tsakiya take fita, sauran na kiɗa ne da ƙarar abubuwa da amsa-kuwwa. Na karanta layin nan sau biyu.

Baba yana zaure, Inna ta shiga maƙwabta. Na rufe ƙofar falo na danna. Ta hagu ta ce shuu. Sai shiru. Sai ta dama ta ce shuu, ta baya ta amsa, ɗayar ta bayan ta amsa, aka sake zagayowa. Hagu, shiru, dama. Na bar shi ya zagaya sau huɗu, kamar in na jira zai canza ra'ayi.

Na ja na'urar na leƙa bayanta da tocilar waya. Wayar tsakiya na nan a bakinta, a cije ƙam. Na danna maƙalin na zaro ta. Ashe da na gatsa da haƙori robar ba ta fita ba, miƙewa kawai ta yi ta rufe bakin. Maƙalin roba ya cija, bai taɓa ƙarfe ba ko kaɗan. Na ɗauko reza na fere, na murza, na mayar. Duk aikin bai kai minti ɗaya ba.

Na kunna talabijin. Wani mutum ne ke bayani a kan takin zamani. Muryarsa ta fito cikakkiya, kusa, har numfashinsa ana ji. Na je na zauna a kan buzun Baba, na jingina da bango inda yake jingina. Ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne ainihin laifina. Kuskuren waya kowa na iya yi, baƙar maganar da na faɗa ma ana iya cewa cikin rashin sani ne. Amma ina zaune a kan buzun nan na tuna zaure ba shi da nisa, sai na yi wuf na kashe talabijin ɗin don kada ya jiyo.

Kwana uku nake da su. Na yi ta kawo wa kaina dalilai, kuma dukkansu suna da kyan gani. An riga an gaya wa mutanen Sandamu ni ne wali, canzawa yanzu zai jawo surutu. Wata ƙila ma kunnen nasa ya yi nauyin da gaske, wayar daban, kunnen daban. In na gaya masa yanzu zai shiga ɓacin rai ana tsakiyar hidima, gara a gama biki tukuna. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai guda biyu da ban so in kalla ba. Ba na son in tsuguna gabansa in ce Injiniya bai iya fere waya ba, kuma ba na son in mayar da rigar.

Ranar Alhamis na shiga zaure da niyyar faɗa. Na tsuguna, ya cire audugar kunnensa ya karkato. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa mota nawa za a ɗauka zuwa Sandamu. Matata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ka gaya mashi?" Na ce zan gaya. Ranar Juma'a ta sake tambaya, ta ƙara da cewa in ji tsoron Allah. Na daka mata tsawa na ce ba a gidansu aka haifi Baba ba. 

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai ƙugu a gonakin da ke bayan gidan. Aka zaunar da ni gaban liman, gwiwata na gugar ta wakilin ango. Rigar ta zauna mini kamar don ni aka ɗinka. Na waiga ina neman Baba. Ya ƙi sahun gaba duk da an yi ta jan sa, ya koma can wajen sahu na huɗu, gindin wata darbejiya, cikin tsohuwar rigarsa mai ruwan toka. Ya ce kada ya tsare wa masu ji wuri.

Wakilin ango ya nema, na ce na bayar. Ya sake nema, na sake bayarwa. A karo na biyun nan ne idona ya faɗa kan ƙofar zauren Baffa, muryata ta karye, har sai da na yi gyaran murya. Aka cika na uku, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, aka shiga rabon goro da alawa. Dattawa suka yi ta miƙo mini hannu suna cewa Allah ya yi albarka, an ga magaji. Kowane hannu da na karɓa nauyi yake ƙara mini.

Da za mu koma, sauran suka cika motocin haya, Baba ya shiga tawa, mu biyu kaɗai. Mun bar Sandamu da kaɗan, yana kallon gonaki ta taga, sai ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Sai dai a ta biyu muryarka ta yi rawa. In za ka bayar, ka bayar da ƙarfi, kada a ce dangin yarinya na shakka."

Na ce, "Ka ji, Baba? Daga inda kake?"

Shi ma abin ya ba shi mamaki. Ya ce, "Na ji fa. Na manta audugar a gida. Wata ran yakan buɗe, ka san ciwo."

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Hannuna na kan sitiyari, ban iya kallonsa ba. Na gaya masa komai, da wayar, da robar, da shuu ɗin da ya tsallake tsakiya, da cewa Inna da matata ma ba sa ji, kunya ce ta hana su faɗa. Na ce kunnensa lafiya lau yake, ni ne na yi kuskure na ɗora masa.

Ya saurara har na gama. Tambaya ɗaya ya yi.

"Yaushe ka gano?"

Nan ma ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, in ce jiya da yamma. Na ce, "Ranar Laraba."

Ya ce, "Laraba." Ya ƙirga da yatsunsa a kan gwiwa, Alhamis, Juma'a, ya tsaya. Wata motar 'yan biki ta wuce mu tana hon, yara na ɗaga mana hannu. Ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ranar ma ban gani ba, amma na ga gemunsa na motsi.

Can ya ce, "Yaya ba shi da wata ɗiyar."

Na ce ya yafe mini. Na ce gobe zan bi gida-gida, in fara da tela, in gaya wa kowa gaskiya, in je har Sandamu in faɗa.

Ya juyo ya dube ni sosai, abin da ba ya yi. Ya ce, "Ba za ka je ko'ina ba. Yau dattawan garin nan suka ba ka hannu. In suka ji ka san gaskiya ka zauna a wurina, wa zai sake ba ka amanar ko akuya? Kuma aure ne aka ɗaura da bakinka, ba na son a yi ta jan zancen a kan yarinyar nan. Gara a ce tsoho ya kurumce da a ce ɗansa ya ci amanarsa. Matarka ta sani?"

Na ce ta sani.

"To ta riƙe bakinta. Uwarka ni zan gaya mata. Na yafe maka, Allah shi yafe mana. Tada mota."

Shekara biyu ke nan. Kayan sautin na nan a falo suna aiki ƙalau, jikoki ke kallo. A cikin gida, in mu kaɗai ne, da murya ƙasa-ƙasa nake yi masa magana, kuma ba ya cewa in maimaita. A waje kuwa ya kafa mini doka, ya ce in ɗansa bai ɗaga masa murya ba mutane za su lura. Saboda haka kullum in an sallame sallar asuba, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, nakan durƙusa in buɗe murya kamar mai kiran wani a hayin gona, in ce, "Baba, ina kwana!" Shi kuma sai ya karkato kai, ya kai tafin hannu bayan kunnensa, ya jira in sake faɗa.